Yadda Na Ɗauko Amaryata Daga Runka

Tun da aka koma makaranta ba ku bar ni na sha iska ba. Wannan ya ja ni gefe, "Abba, da gaske Runka ka je?" Wancan ya ce, "Ka gan su? Suna da yawa?" Jiya har a wurin alwala wani ɗan aji ɗaya, wanda ko sunansa ban sani ba, ya tambaye ni ko gaskiya ne na kwana a kan bishiya. To, bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Ban kwana a kan bishiya ba, ban kuma ga kowa da bindiga ba in ban da masu tsaron hanya. Amaryata na je ɗaukowa. Mai dariya ya adana ta, zai buƙace ta a gaba.

Amaryar ita ce Iya, mahaifiyar Babanmu. Sunan mijinta, Malam Iro, aka sa mini, shi ya sa a gidanmu ba mai kiran sunana na yanka, sai Abba. Iya kuwa, an ce tun ranar suna ta karɓe ni ta ɗaga sama ta ce ta yi sabon miji, tsohon ya je ya huta. Daga ranar Maigida take kirana. Na tashi ina bin ta bashin tuwo, tana bi na bashin zane, kamar yadda kowane jika yake yi da kakarsa.

Da muna ƙanana, kowane dogon hutu can muke yin sa, a ƙauyenmu da ke bayan Runka. Da gero ya yi tsayin da zai ɓoye akuya, sai Baba ya ce a shirya. Motarmu a lokacin sunanta Sai-an-tura, kuma ba mu muka raɗa mata ba, unguwa ce ta haɗu ta yanka mata rago. Ranar tafiya, da maƙwabta sun ji Baba ya buɗe ƙofarta ya yi bismilla, sai ka ga majalisa ta watse. Mai ciwon baya ya tuna da bayansa, mai lafiya ya tuna bai yi walaha ba. Ƙarshe ni da ƙanwata Nana da Mama ne muke turawa, Baba yana ciki yana ba da umarni kamar direban jirgi.

Mama kuwa ba ta yarda akwai kasuwa a wajen Katsina ba. Sabulu, sukari, ganyen shayi, ashana, manja, gishiri, har da tsintsiya. Tsintsiya fa, zuwa ƙauye! A kan buhu muke zama ni da Nana, kawunanmu suna gaisawa da rufin mota a kowane rami, muna faɗa a kan taga ɗaya tak da take buɗuwa.

Ba ma shiryawa sai a Batsari. Nan Baba yake tsayawa a kan gangara, saboda kada a nemi masu turi, ya sayo mana dafaffen rogo da garin ƙuli. Ku da kuke cin rogon bakin makaranta kuna lumshe ido, Allah Ya ba ku haƙuri, itace kuke ci. Rogon Batsari kafin ka tauna ya narke, ya bar ka kana tauna yatsa. Da shi Baba yake sayen zaman lafiya har mu kai boda.

Boda wata korama ce da ke tsakanin Runka da ƙauyenmu. Nana ce ta sa mata suna, don a nan waya take daina aiki, a nan kuma Sai-an-tura take kafewa, ba fashi. Yaran ƙauye sun san lokacinmu kamar yadda suka san lokacin ɗinya. Kafin Baba ya gama salati sun fito daga cikin gero, sun kewaye mota, ana turi ana ihu, laka tana wanke kowa. Haka muke shiga gari, mota a gaba, rundunar yara a baya, kakana Malam Iro yana zaune a gindin bishiyar bedin ƙofar gida yana dariya har rawaninsa yana kwancewa. Iya kuma ta fito zaure ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Maigida ya iso! Mi ka kawo mani, ko yau ma hannu rabbana?"

A can na koyi cewa gaisuwa aiki ce. A Katsina ka ce wa mutum ina kwana, ya ce lafiya, kowa ya kama gabansa. A can sai ka tsuguna, a tambaye ka gida, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka mutanen da kai ma ba ka san kana da su ba, sai ƙafarka ta mutu a ce maka madalla, a sake sabon zagaye. Wata shekara wani tsoho ya ce mini, "Ina ruwa?" Ni kuwa na tashi a guje na kawo masa a moɗa. Ashe damina yake tambaya, amsar ita ce ruwa ya yi gyara. Har na bar garin ana kirana Mai Moɗa.

Sauran ba sai na ba ku haushi ba: fura da nonon da Fulanin bayan gari suke kawowa da ɗuminsa, gasasshiyar masara, ɗanyar gyaɗa da muke tugewa a gonar Baffa Sale, ƙanen Baba, mu rantse biri ne. Ranar komawa kullum sai an ciro ni daga bayan rumbu.

Sai hanya ta lalace. Ba ramuka nake nufi ba, kun san abin da nake nufi. Aka ce bana a haƙura, baɗi ma aka ce a haƙura. Malam Iro ya rasu, Baba kaɗai ya je, ya dawo ya duƙufa jan carbi. Sai-an-tura ta zauna a tsakar gida har tayoyinta suka nutse, kajin Mama suka mai da kujerar baya wurin ƙwai. Na shiga sakandare, murya ta fashe, Iya ba ta gani ba.

Bana Baffa Sale ya kira daga Runka ya ce shi kam ya gaji. Gonar nesa ba ta nomuwa, yara ba sa barci, ya samu wuri a Batsari zai kwashe iyalinsa. In ya tashi, gidan nan mai ɗakuna da yawa zai rage Iya kaɗai a ciki, ga ciwon ƙafa, ga ido ya fara hazo. An yi an yi ta biyo shi ko ta zo Katsina, ta ce ko da wasa. Saƙo ɗaya ta aiko: in Baba zai zo, ya zo mata da Maigida ta ga ko ya yi gemu. Mama ta ce ba inda zan je. Baba ya ce an samu ɗan sauƙi, da rana za mu shiga, da rana za mu fito. Ƙarshe Mama ta yarda, bayan ta tofe ni da addu'a har na jiƙe kamar wanda ruwa ya kama.

Na sa sabon wandona na jins, wanda kuka sani, mai kama ƙafa kamar fatar maciji. Ku riƙe wandon nan a ranku.

Motar haya muka shiga daga tasha. An cusa mu kamar goro a huhu, wani mai ƙaton ciki ya ɗauki cinyata ta hagu a matsayin kujerarsa. Da farko ana ta hira, ana zagin tsadar taki. Da muka yi nisa sai hira ta riƙa mutuwa da kanta. A kowane shinge direba ya rage gudu, a leƙo, a ce Allah Ya kiyaye, mu ce amin da ƙarfi fiye da yadda muke yi a masallaci. Na duba gangarar da Baba yake tsayawa a Batsari, tana nan, masu rogo ma suna nan. Baba bai ce a tsaya ba, ni ma ban tambaya ba.

A gidan Gwaggo Rabi muka sauka, ƙanwar Baba da ke aure a Batsari. Gidan da na sani da ɗaki uku da bishiyar lemo yanzu ya zama gari guda. Dangin mijinta daga wajen Ruma sun cika shi, kowane lungu da murhunsa. A zaure na kwana da yara, na farka da ƙafar wani a bakina, sauro kuma sun yi walima sun gode. Amma tuwon dawa da miyar kuka da man shanun da Gwaggo ta ba mu, shi kaɗai ya biya kuɗin mota. Da za mu fita ta ce wa Baba, "Yaya, kada ka yi mata maganar gudu. Kalmar ce ba ta son ji." Baba ya ce to. Baba kuwa in ya ce to da sauri, bai ji ba.

Daga nan a-kori-kura muka hau zuwa Runka, ni a baya tare da buhunan taki da wani rago da ya ƙi jinina tun kallon farko. Wata Bafulatana mai ƙwaryar nono ta dubi wandona ta dubi fuskata ta ce, "Ɗan birni, yadin ne bai isa ba?" Duk motar aka kwashe da dariya, har ragon. Daga Runka muka hau babur. Da muka iso boda, ruwa na nan, laka na nan, gero na nan tsaye a hagu da dama. Na saurara ko zan ji ihun yara. Babu. Mai babur ya ɗage ƙafa ya ratsa, ko tsayawa bai yi ba.

Bedin ƙofar gida yana nan, da dattawa uku a gindinsa, inda a da sai ka rasa wurin tsugunawa. Na ce bari in nuna musu Mai Moɗa ya girma ya san gaisuwa. Na tafi da ƙarfina na tsuguna. Jama'a, ƙarar da wandon nan ya yi, na tabbata an ji ta a Safana. Wani tsoho ya zabura ya ce, "Lahiya?" Na ce, "Ruwa ya yi gyara." Haka na ƙarasa gaisuwar a tsugune, na shiga gida da baya da baya kamar mai fita daga fada.

Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Ta ƙanƙance. A da ni nake ɗaga kai in dube ta. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta shafa haɓata ta ce, "Wanga shi ne gemun? Na ga akuyar da ta fi ka." Sai ta shafo baya ta ji iska. Ta yi dariya har da tari, ta ce miji ya zo wa matarsa tsirara, wannan abin kunya ba za a ji shi a waje ba. Ta sa aka jawo mata adakarta, ta buɗe, ta ciro wando da riga da hula na Malam Iro, suna ƙamshin turare da daɗewa. Wandon zai ɗauke ni da Nana da ragon nan. Na shiga ɗaki ina fama da mazagi.

Daga ciki nake jin su. Baba da Baffa Sale sun zauna a gabanta, Baba ya fara da nasiha, ya bi da asibitin ido, ya kawo ciwon ƙafa. Iya tana ta cewa uhm. Sai ya ce, "Iya, kowa fa ya gudu. Mu ma ba don son ranmu ba."

Gwaggo fa sai da ta gargaɗe shi tun a Batsari.

Iya ta ce, "Kowa ya gudu? To Allah Ya kai su lahiya. Ni da guɗa aka kawo ni gidan ga, da rana tsaka, gari duk yana kallo. Ba ni hita da gudu kamar wadda ta yi sata."

Baffa ya ce, "Iya, ba wanda ya ce kin yi sata."

"Kai yi mani shiru. Kun yi karatu, ku gaya mani: mace tana barin ɗakinta ba da izinin mijinta ba? Wanda ya aje ni nan yana can kwance bayan gari. Ku tahi ku tambayo shi. In ya ce in tashi, in tashi."

Baba ya sunkuyar da kai. Na leƙo ta labule na ga yana murza hularsa a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Gobe da safe za mu juya, jibi Baffa zai kwashe, Iya kuma ta rufe ƙofar da ba mai iya buɗewa.

Ni dai kun san bakina ba ya shawara da ni. Na fito ina jan riga a ƙasa, hula ta rufe mini kunne, na yi gyaran murya irin ta masu gida na ce, "Wa ake nema? Ga ni."

Baffa ya harare ni. Ban kula ba. Na tsaya a kan Iya na ce, "Ke, tun ranar sunana kike gaya wa duniya ni ne mijinki. Ko ƙarya ne?"

Ta ce, "Ba ƙarya ba ne. Miji dai ba ya da amfani, amma miji ne."

"To ni ban taɓa ganin aure irin wannan ba. Shekara da shekaru, amarya ba ta tare ba. Ni ke ta zarya, ni ke tura mota, yau har wandona na rasa. Abokaina suna yi mini dariya. Na gaji. Gobe za ki tare a gidana, na ba da izini."

Na jira dariya, ba wanda ya yi. Iya ta ɗago ta dube ni, amma ba fuskata take kallo ba, rigar take kallo. Ta miƙo hannu ta kama bakin hannun rigar, inda aka taɓa yi mata ɗinki da baƙin zare, ta riƙa murza wurin da yatsa. Sannan ta ce, "Wa ya koya maka wanga?"

Na ce, "Ba kowa."

"Haka mai rigar ma yake. Magana kamar ta wasa." Ta saki rigar ta gyara zama. "To ji nan, Maigida. Ni ba bazawara ba ce da za a ɗauka a ɓoye. Da rana za ni hita. A yi mani guɗa. Kayan ɗakina duk su bi ni, har turmi. Kuma gaban mota za ni zauna."

Baba ya buɗe baki, Baffa ya taka masa ƙafa.

Da yamma muka je maƙabarta ni da Baba muka yi wa Malam Iro addu'a, ina cikin rigarsa. Da muka juyo Baba ya dafa kafaɗata har gida.

Washegari da hantsi a-kori-kura ta tsaya a gindin bedi. Aka fito da adaka, da tasoshi da kwanonin da suka yi shekaru a jere a bango, da tukunyar ruwa, da turmin da sai da ƙarti suka yi nishi. Matan da suka rage a unguwa suka taru. Ƙawar Iya, wata tsohuwa mai suna Ladi wadda haƙorinta ɗaya ya rage, ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsaye daga kan bedi. Aka fito da Iya lulluɓe da mayafi, Ladi tana riƙe da hannunta tana yi mata faɗan amare: ta bi miji, ta riƙe sirrinsa, ko da ba ya da gemu. Mata suna ta shewa.

A bakin zaure Iya ta tsaya, ta dafa bango. Sai kuka. Ba irin na wasa ba, kuka mai girgiza kafaɗa, daga can ƙasa. Na duba fuskokin matan nan, kowace idonta ya kawo ruwa, amma ba wadda ta ce mata yi haƙuri. Ladi ta share nata da gefen zane ta ɗaga murya ta ce, "Ku ƙyale ta! Wace amarya ce ba ta kuka?" Aka sake guɗa.

A boda motar ta kafe. Wallahi ban ƙara ko gishiri ba. Muka sauko ni da Baba da Baffa da yaron mota muka sa kafaɗa, laka ta wanke rigar Malam Iro har wuya. Muna cikin nishi sai ga yara biyu sun fito daga cikin gero, ban san daga ina ba, suka kama turi suna ihu. Biyu ne kawai, amma sun yi ƙoƙari.

Tun daga nan Iya ba ta ce uffan ba. Baba ya leƙa ta taga, "Iya, ƙafar ce?" Shiru. A Runka ya kawo mata ruwa, ta kau da kai. Kafin mu kai Batsari hankalinsa ya tashi, yana cewa ko a wuce asibiti. Gwaggo Rabi ta fito tarye, ta ɗaga mayafin ta leƙa, ta saki, ta juyo tana dariya da hawaye a fuska. Ta ce, "Yaya, kai ma dai. An sayi bakinta ne?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Na tattare riga na ruga gangara, na dawo da rogo mai zafi da garin ƙuli a leda. Na tsuguna a ƙofar mota, wannan karon ba abin da ya yage, na ce, "Amarya, ga sayen baki."

Hannu ya fito daga cikin mayafi ya karɓa. Muka ji tana ci a hankali. Ta gama, ta yaye mayafin, ta dube ni da jajayen idanu, ta dubi hanyar da muka fito.

Ta ce, "Maigida, yaushe za ka kai ni ganin gida?"

Kun san ni, ban taɓa rasa amsa ba, ko a gaban shugaban makaranta. Na duba Baba, ya juya yana gyara igiyar turmi wadda ba abin da ya same ta. Na ce, "Da hanya ta yi kyau, Iya. Hutu na zuwa."

Ta gutsuri rogo ta miƙo mini ragowar.

"Haka duk maza ke cewa," in ji ta. "Hau mu tahi."